Ruwan da Ya Bi ta Kan Gidansu

A shekarar da na je Alƙahira aikin ido, wajen ƙanena na sauka, a unguwar Ardul Liwa. Shi karatu yake yi, ni kuwa in ba ranar ganin likita ba, aikina zama a baranda ina kallon 'yan tuk-tuk, masu keken nan mai ƙafa uku, suna rigima da masu tafiya a ƙasa. Da ya ga zaman ya gundure ni, sai ya kai ni wani gidan abinci a Ma'adi inda ake nuna wa baƙi al'adun Nubawa, mutanen kudancin ƙasar da ke zaune a bakin Nilu tun fil azal. An shafe bango da shuɗi, an rataye busasshen kada a saman ƙofa, samari cikin fararen jallabiyoyi suna buga bandiri. Wata yarinya ta zana mini lalle, wai ni za a nuna wa lalle. Na tafa inda kowa ya tafa, muka dawo gida.

Ashe Nubawan a ƙasanmu suke, a hawa na biyu, ba kada ba bandiri. Akwai wata tsohuwa a cikinsu, baƙa siririya, sak gwaggona. Kullum muna gaisawa a matakala, amma daga sallama Larabcina ya ƙare. Wata maƙwabciyarmu Bahaushiyar Sudan ce ke yi mana tafinta, ita ce kuma ta gaya mini an yi wa tsohuwar jika, amma gidan ba daɗi. A al'adarsu, ranar suna sai an kai jariri bakin kogi an wanke masa fuska. Ita an yi mata, ta yi wa 'ya'yanta, ta rantse sai an yi wa wannan ma. Ɗanta kuwa, uban jaririn, ya ce ruwan Alƙahira ba na taɓa fuskar ɗa ba ne. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin a dawo masa da yaro kafin azahar, in an samu an samu, in ba a samu ba shi ke nan, kada a sake tayar da maganar.

Na ce zan bi su. Ƙanena ya ce, Yaya, wannan fa bidi'a ce. Na ce masa likita ya ce in riƙa kallon nesa, ya ja littafinsa ya ƙyale ni.

Ranar sunan muka shiga ƙaramar bas zuwa Dokki, unguwar da ke bakin kogin, mu uku da maƙwabciyarmu, tsohuwa rungume da jariri. Ga kogi muna gani, amma hanyar isa gare shi babu. Nan katangar kulob, can jirgin ruwa da aka mayar gidan abinci, gaba kuma shingen ƙarfe. Kowane mai gadi sai ya dubi jaririn ya yi murmushi, ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, an hana. Tsohuwa ba ta roƙi kowa ba, sai dai ta gyara riƙon yaron mu ƙara gaba. Rana ta take, idona da aka yi wa aiki ya soma zafi, ni kam na fara da-na-sanin fitowa.

A gindin wata gada muka tsaya, inda babu mai gadi. Sai dai ruwan na can ƙasa, hannu ba zai kai ba. Tsohuwa ta miƙa wa maƙwabciyarmu jaririn, ta cire baƙin mayafinta ta zura ta tsakanin ƙarafa. Bai kai ba. Ta juyo ta dubi gyalena. Na cire na ba ta, ta ƙulla su biyu, ta ɗaure ɗan dutse a bakin nata, ta sake zurawa. Da ta janyo, gefen mayafin na ɗigar ruwa. Ta shafa wa yaron a goshi da kumatu tana magana da yarensu. Ya ɓata fuska, ya tsala kuka, daidai lokacin da aka soma kiran salla a tsallake.

Ni dai na ga robobin da ke yawo a ruwan, bakina kuma ba ya ajiye magana. Na ce a tambaye ta, da ta ɗebi na famfo ba ya fi tsabta ba, tunda shi ma daga kogin yake? Maƙwabciyarmu ta fassara mata. Tsohuwa ta saurara, sannan ta ba da amsa ba tare da fushi ba. Ta ce tana budurwa aka gina babbar madatsar ruwa ta kudu, aka kwashe su a jirgin ruwa, ƙauyensu ya nutse da dabinonsa da maƙabartarsa. Uwarta na cikin maƙabartar, kuma babu wanda ya ƙara ziyartar ta.

"Duk ruwan da kika gani a nan," in ji ta, "sai da ya bi ta kan uwata kafin ya iso. Na kawo mata yaron ne ta gan shi."

Ta kwance gyalena ta miƙo mini. Nata kuwa ba ta matse shi ba, ta naɗe jiƙaƙƙen gefen a ciki, ta karɓi jikanta, muka tafi neman mota.