Ranar da kwamfuta ta ƙi karɓar ƙaura

Shekarun baya can, lokacin ina karatu a Khartum kuma soja ke riƙe da ƙasar, na yi wata gwaninta da ta kusa sa ni kuka a gaban tsohuwa.

Ina da aboki haifaffen Omdurman, jikan Hausawan da suka taho hajji a ƙasa suka zauna. Hausarsa rabi da rabi ce, ya fara zance da ita ya ƙarasa da Larabci. Kakarsa kuwa, wadda duk gidan ke kira Habboba, Hausarta tsaf. Tana ƙarama aka goyo ta daga ƙasar Kano, kuma ta riƙe labarin hanyar kamar jiya. Sai dai mantuwa ta fara taɓa ta. Shi ya sa abokina ya roƙe ni in riƙa zuwa da 'yar kwamfutata duk Juma'a, tana faɗa ina bugawa.

Kwamfutar tsohuwa ce, a Kasuwar Libiya da ke Omdurman na saye ta. Haruffan Larabci da na Turanci ne a jikinta, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. A ajami da harafin ƙaf na Larabci ake rubuta ƙ, shi kuwa q ne a Turanci, don haka na riƙa sa q a madadinsa. Har kalmar sirrin buɗe kwamfutar haka na yi mata: qaura. Da ita Habboba ke fara kowane zama, "Shekarar da muka yi ƙaura."

Abin ya riƙa yi mini ciwo. Mun yi watanni, rubutun ya yi nisa, amma in na duba sai in ga kamar ba Hausa ba. Rannan na samo wata manhaja mai sauya wa maɓallai aiki. Na ce madalla. Na ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v. Shi q ɗin na tura shi wani lungu, sai an danna maɓalli biyu tare yake fitowa, don a ganina mun rabu ke nan. Kwamfutar ta tambaye ni ko sabon tsarin ya yi aiki ko'ina, na ce ƙwarai, ban ma karanta ƙarshen tambayar ba. Na kashe ta ina jin kaina wani injiniya.

Juma'a na haye gada zuwa Omdurman, na zauna a tsakar gida, aka kawo shayi. Na buga kalmar sirri. Ta ce ba ita ba ce. Na sake bugawa a hankali, da yatsa ɗaya. Ta ce ba ita ba ce. Kun san ɗige-ɗige kawai take nunawa, ba ka ganin abin da ka buga.

"Ya zol, ko dai ka manta?" in ji abokina. Ya zol a Larabcinsu kamar ka ce mutumina ne.

"Kalmar da nake bugawa kullum? Haba."

Amma da aka jima ni kaina na fara kokwanto. Ko babban baƙi na sa a farko? Ko na ƙara lamba? Na gwada sunan garinmu, na gwada sunan mahaifiyata, har sunan wani malamina da ba na ƙauna na gwada. Na zargi zafin rana. Na zargi sojan da ya buɗe jakata a bakin gada, alhali bawan Allah leƙawa kawai ya yi. Maganar maɓallai ko kusa ba ta zo mini ba, don a tunanina gyaran sai an buɗe kwamfutar an shiga ciki yake aiki, ni kuma ina waje.

Washegari muka kai ta wurin mai gyara a kasuwa. Ya ce aiki mai sauƙi ne, a wanke ta a sa sabuwar manhaja. Na ce abin da ke ciki fa? Ya ɗaga kafaɗa. Na rungume abata muka fito. Ban ajiye rubutun a ko'ina ba sai cikinta, kuma a makon Habboba ta kasa tuna sunan garin da suka binne ƙanenta, wanda na san na buga shi da hannuna. Tsoro ya kama ni sosai.

Muka koma gidan. Habboba tana kishingiɗe ta ce, "Ɗan nan, akwatin naka ya yi fushi ne?"

"Ya ƙi buɗewa, Hajiya. Na faɗa masa kalmarsa ya ce bai san ta ba."

Ina ba ta amsa ina bugawa, ban lura ba ashe a gidan suna na sa hannu, ba na kalmar sirri ba, inda rubutu ke fitowa fili. Na duba sai ga shi: ƙaura. Da ƙugiyarsa, kyakkyawa, yadda na daɗe ina so in gan shi. Na zuba masa ido, na fi minti ban gane mene ne laifinsa ba. Can na tuna ita kwamfutar qaura ta sani, mai q. Na lalubo q a lungun da na jefa shi, ta buɗe. Nan da nan na nemo sunan garin, na karanta mata.

Abokina ya yi dariya har da hawaye. Na yi wa Habboba bayani, na ce daidai na rubuta shi ya sa ta ƙi, sai da na ɓata kalmar ta yarda.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To ai haka ne. Mu ma da muka iso, sai da muka karkata sunayenmu kafin a buɗe mana ƙofa. Buga wannan ma."

Na buga. Allah ya yi mata rasuwa kafin in gama karatu, rubutun kuma yana hannun jikokinta, da ƙugiyoyinsa cif. Har yau in na zauna gyara wa wani maɓallai, nakan ce ya fara duba kalmar sirrinsa. Ni kuwa duk lokacin da yatsana ya sauka kan q, muryarta nake ji.