Munduwa Mai Idon Kifi

Kakata, uwar mahaifina, mai bandar kifi ce a Gaya, don haka wutar hirarmu wutar aiki ce. Da an yi magariba sai ta jera tarwaɗa da ƙarfasa a kan raga tana juya su, mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai tashi. Mace ce mai faɗa, ga rowar kifi kamar me, sai dai ba ta da rowar labari.

A hannunta na hagu akwai munduwar azurfa mai kauri, hayaƙi ya mayar da ita baƙi-baƙi. Ko wanka za ta yi ba ta cire ta. Ubanta maƙerin azurfa ne, kakanta ma haka, kuma ta sha faɗa mana cewa cikin duk abin da maƙerar gidansu ta fitar, wannan kaɗai ta rage a hannun dangi. Ƙanenta, na ƙarshe da ya iya aikin, ya rasu tun ba a haife ni ba, ƴaƴansa kuwa duk tuƙin manyan motoci suka kama.

"Yau babu tatsuniya," in ji ta idan abin ya motsa mata. "Ta gidanmu za ku ji. Kowa ya gyara zama."

Kakanta, ta ce, yana da mata wadda yake ji da ita ƙwarai. Ya ƙera mata munduwa sumul, ba zane ko ɗaya, saboda a lokacin haka ake yin su. Wata shekara ruwa ya cika, ta shiga kwalekwale za ta ƙetare gaida uwarta, ya kife da su a tsakiyar kogin Kwara. Aka tsamo kowa ban da ita. Mijin ya rufe maƙera ya bi gaɓa a ƙasa, gari gari, yana cigiya. Sai can da nisa wasu masunta suka ce masa sun tsamo wata mace da munduwa a hannu, ruwa ya ɓata mata fuska. Sun jujjuya munduwar ko za su gane aikin wane gari ne, ba su ga komai ba. Suka yi mata sutura suka rufe ta a bakin ruwa. Da suka raka shi wurin, ambaliya ta riga ta shafe kabarin.

"Ita ce, ba ita ba ce, har ya koma ga Allah bai sani ba," in ji Kaka.

Da ya dawo gida sai ya fitar da zanen da ba a taɓa gani ba: ƙananan idanu irin na kifi, da layi mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Munduwa, zobe, ɗan kunne, duk sai ya buga musu shi. Wanda ya ce ba ya so, ya nuna masa hanyar wata maƙera. Kafin a daɗe duk mai kwalekwale a kogin nan ya san aikin gidanmu daga gani, amare har daga Bengou da Yélou ake zuwa yi musu.

A nan Kaka takan miƙo hannunta kusa da wuta. "Ku duba da kyau. Ku ƙirga idanun."

Mu kuwa sai mu ce, "Kaka, koma wurin da kwalekwale ya kife."

"Ja'irai. Ku mutuwa kawai kuke son ji."

Na gama karatun lekol, aurena ya taso. Al'adarmu ce a kai tsohuwar azurfar gida wurin maƙeri a narka, a ƙera wa amarya sabo. Ni kuma idona na kan siririyar sarƙa da ƴan kunne irin waɗanda fatake ke kawowa daga Kwatano. Gwaggona ta ce duk gidan babu azurfa mai kyau sai ta hannun tsohuwa, kuma ita ba ta da bakin tambaya. Na ce ni ina da shi.

"Kaka, wannan abin naki ai ya tsufa. Wa ke sa irinsa yanzu?"

Ta daɗe tana kallona. Na zaci zagi zan sha. Sai ta ce, "Haka ne, ya tsufa. Miƙo mini sabulu." Da ƙyar munduwar ta fita, fatar wurin fara tas kamar ta jariri. Ta ɗora mini a tafin hannu. "Ki ce wa maƙerin ya dube ta kafin ya sa a wuta. Ya duba kawai."

Ban faɗa masa ba. Wallahi ba mantawa na yi ba, kunya na ji kada ya ɗauke ni baƙauya. Ina can ina zaɓen sarƙa a cikin hotuna ya jefa ta a kasko. Ranar buki Kaka ta taɓa wuyana ta ce ta yi mini kyau, ba ta tambaye ni komai ba, har ta rasu.

Bana ƴata ke shirin aure. Na ba ta labarin nan, ta ce ita irin munduwar take so, ko nawa ne. Raina ya yi daɗi, na tafi wurin wani dattijon maƙeri a kasuwa. Ya ce ya taɓa jin labarin zanen, amma bai taɓa riƙe shi ba. Ya miƙo mini takarda da biro.

"Hajiya, zana mini. Idanun nawa ne? Layin a sama yake, ko a tsakaninsu?"

Na bi tsofaffin matan unguwa su uku daga baya, kowacce da abin da ta zana, ba wanda ya yi kama da wani. Amma a ranar, a kan bencin maƙerin nan, na riga na gane. Dā ina ɗauka labarin matar da ruwa ya ci Kaka ke ba mu. Ashe zanen take neman inda za ta ajiye, tunda babu sauran hannun da zai ƙera shi, sai idanunmu. Shekara da shekaru tana miƙo mini hannun nan, ni ina kallon bakinta.

Dattijon ya jira ni har ya gaji. Na mayar masa da takardarsa ba komai a kai, na ce, "Baba, ban taɓa ƙirgawa ba."