Ruwan Kurom da Madarar Gwangwani

Gidana a Gomari yake, kusa da filin jirgin sama. Duk jirgin da zai sauka sai na ga ya miƙo ƙafafunsa ta saman rufinmu. Tun da autata ta kama aikin gyaran irin waɗannan ƙafafun a Legas, ban sake kallonsu da kwanciyar hankali ba.

Na san abin da ke sa sandar ƙafar jirgi sheƙi, domin a rumfar tsoma ƙarfe ƙuruciyata ta ƙare. Sandunan shokazoba na mota muke tsomawa cikin tankin ruwan kurom, wani jan ruwa mai tururi da ke cin fata. Ba ma rufe hanci. In an tashi aiki, kowa ya huda gwangwanin madara ya shanye, wai tana wanke ƙirji. Har dariya nake yi wa masu ɗaura ƙyalle a fuska. Wani abokin aikina na unguwar Umarari tari ne ya yi ajalinsa. Ni kuma ruwan ya huda min cikin hanci.

Kwanaki autar tawa ta kira ni a waya, sai na ji tana tari.

"Tarin me kike yi?"

"Mura ce, Baba."

"Haka mu ma muka ce. Kina tsayawa a bakin tanki?"

Ta yi dariya. "Wane tanki? Baba, an bar ku a baya. A ɓangarenmu garin ƙarfe ake narkarwa da wuta, a fesa wa sandar. Ya fi kurom ɗinku jure gogayya. Inji ne ke feshin a rufaffen ɗaki, ni ta gilashi nake kallo."

"To garin da ya tashi fa, in an buɗe ƙofa?"

"Akwai na'urar da ke zuƙe shi. Kuma ina sa takunkumi."

"Kullum?"

Ta ce, "Sai dai in zafi ya yi yawa."

Wallahi saura kaɗan in ce mata ta nemi madara. Maganar ta zo bakina, na haɗiye ta. Na ce ta je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinta, kada kuma ta sake cire takunkumin ko gumi zai jiƙa ta sharkaf.

"To, likitan Gomari," in ji ta. "Zan je ranar hutuna."

Ranar hutun ta zo ta wuce. Ta ce an ɗauki hoton, likita bai duba ba tukuna. Yanzu ko masallaci zan tafi, wayar tana aljihun gaban rigata.