Maniru Ɗan Wanzami da Jinin Mutanen Lambara

Ranar da Maniru ya shigo Lambara da motar jami'a, tun hantsi hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, har mata suka kwashe shanya suka jera tukwane ƙarƙashin indararo. Iska ta kaɗa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso daga wani gari can da aka yi sa'a, sannan hadarin ya watse ko ɗigo bai sauka ba. Shekarar zaɓe ce, alif ɗari tara da tamanin da uku. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa yana jiran ruwa.

Da aka ji ƙugin mota sai gari ya fito, don a lokacin duk motar da ta tsaya a ƙauye ta 'yan siyasa ce, ta zo da sabulu da atamfa. Sai ga ɗan Mijinyawa wanzami ya sauko, da farar riga har gwiwa, riƙe da akwati cike da 'yan ƙananan kwalabe.

Maniru shi ne babban ɗan Mijinyawa, kuma shi ya kamata ya gaji zabira, jakar kayan wanzanci. Amma tun yana ƙarami aska ba ta zauna masa a hannu ba. Yana da ƙane, Husaini, mai ciwon amosanin jini, wanda yanzu ake ce wa sikila. In ciwon ya tashi yaron ya dinga kukan ƙashi, ubansu ya kafa masa ƙaho a baya da cinyoyi, a ɗebe jini, ciwo ya lafa ya sake dawowa. Haka aka yi ta yi har Allah ya karɓi abinsa. Maniru shi ke riƙe ƙafafun Husaini in ana ƙahon. Daga nan tambaya ɗaya ta zauna masa: uwa ɗaya uba ɗaya, me ya sa jininsa lafiya, na Husaini babu? Da tambayar ya yi firamare a Shagari, ya wuce Sakkwato, ya wuce Zariya, ya dawo ya kama aiki a ɗakin binciken jini na jami'a. Bai zama likita ba. Mai bincike ne, aikinsa duban abin da ke tsare jiki daga cuta.

A ƙofar mai gari ya yi bayani, a hankali, yadda kowa zai gane. Ya ce a cikin ɓargon ƙashi akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ne uwayen jini. Su ke haifar jan jini, su ke haifar fararen ƙwayoyi masu gadin jiki. Yaro mai amosanin jini, uwayen nasa ne ke haifar jini lanƙwasasshe. Ya ce a ƙasashen Turawa an fara ɗebo ɓargon ɗan'uwa a dasa wa ɗan'uwa saboda wasu cututtukan jini, amma sai in masu gadin jikinsu ba su ɗauki juna baƙi ba. Shi abin da yake so ya gano, a cikin 'yan'uwan nan namu, su wa jininsu ke jituwa, su wa nasu ke faɗa. Abin da yake roƙo, jini kaɗan daga yaro marar lafiya da 'yan ɗakinsu.

Dattawa suka gyaɗa kai, aka yi masa addu'a, aka ce Allah shi yi albarka. Washegari ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya ya jera kwalabensa. Har rana ta faɗi ko yaro ɗaya ba a kawo ba. Ya koma, ya sake dawowa, haka dai.

Garba ne ya fasa masa maganar. Garba ɗan gwaggonsa Kaltume ne, taubashinsa, manomin albasa a fadama, kuma 'yarsa Safinatu tana da ciwon. Ya zo ya tsuguna gefen tabarmar yana jujjuya kwalba ɗaya.

"Kai, Wanzamin Turawa, jinin ga in ka ɗiba, ina za ka da shi?"

"Sakkwato."

"In ka ƙare dubawa hwa?"

Maniru ya ce ƙa'idar aikinsu ita ce a ƙone abin da ya rage.

Garba ya ajiye kwalbar a hankali. "Gidan wanzamai anka haihe ka, ko a tasha anka tsinto ka?"

Sai a lokacin Maniru ya ga abin da ya tsallake. A Lambara kowane gida da wanzaminsa, tun kakanni. Shi ke askin suna, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, da kaka a kai masa damin gero. Kuma duk jinin da ya fitar, a gaban mai shi zai tona ƙasa ya zuba ya rufe, don kada ya faɗa hannun wanda zai yi mugun abu da shi. Jinin mutum ba ya kwana a hannun wani. Maniru ya ga ana yin haka tun yana yaro, shi kansa ya sha tona ramin. Amma da ya zauna cikin kwalabe shekara da shekaru, sai ya ɗauka wannan abin ƙaho ne kawai, bai shafi allura ba.

Ya je wurin ubansa ya roƙa ya sa baki. Mijinyawa yana wasa aska a kan fata, bai ɗago ba.

"Mutanen ga nawa na, ba naka ba," in ji shi. "Kan da ba ka taɓa askewa ba, da wane ido za ka roƙi jininai?"

Ya ci gaba da wasa askarsa.

Shekara ta ƙare, sojoji suka karɓi mulki, abubuwa suka tsuke. Damina ta sake gazawa. Ana bin layin shinkafa da madara a birni. Motar jami'a ta kwanta a kan duwatsu ba taya, kayan aikin da ake kawowa daga waje suka yanke. Abokan aikin Maniru suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu Saudiyya, wasu Ingila, shi ma an yi masa hanya ya ce a'a, jinin da yake son dubawa ba can yake ba. Shugaban sashensu ya kira shi ya gaya masa gaskiya: in ba a ga sakamako ba kafin ƙarshen shekarar karatu, za a rufe binciken a ba wani ɗakin.

Sai Maniru ya ninke farar rigarsa, ya hau tsohon babur ɗinsa ya je ya durƙusa gaban ubansa ya ce a ba shi aska. Mijinyawa ya dube shi ya daɗe, sannan ya zaro masa wata tsohuwar zabira daga rataye.

Tun daga nan duk ƙarshen mako yana Lambara. Da farko ruwa da sabulu yake riƙewa, sannan aka bar masa kawunan tsofaffi masu haƙuri. Garba ya kawo nasa kan don tsokana, ya tashi da tsaga biyu a ƙeya, ya bi gari yana nuna wa mutane yana cewa ga abin da Zariya ke koyarwa. A kasuwa ana nuna Maniru da baki, wai ɗan Mijinyawa ya ƙure boko ya dawo aski, Allah kaɗai ya san abin da ya yi aka koro shi. Maniru yana ji. Sai dai ya jiƙa kai na gaba. A hankali hannunsa ya faɗa. Ya fara askin suna, ya iya tallafar kan jariri, mata suka daina ɓoye yara in ya shigo zaure. Bai ƙara ambaton jini ga kowa ba.

Bayan an yi 'yar girbin da aka samu, Safinatu ta kwanta ciwo mai tsanani. Maniru ya ɗauke ta da uwarta ya kai asibitin Bodinga, ya tsaya har aka sa mata ruwa. Da ta miƙe, Garba ya zo da ita da wanta Lawali har gidan Mijinyawa. Ya ce a ɗiba, amma da sharaɗi: abin da ya rage a dawo da shi, a rufe a gabansa. Maniru ya ce ya ɗauka.

Irin wannan gwajin ba ya son jini ya kwana. Ya ɗaure kwalaben a ƙirji cikin riga, ya bi ta Shagari, ya bi ta Bodinga, bai tsaya ba sai Sakkwato. Ya ware fararen ƙwayoyin yaran biyu ya haɗa su, ya sa a akwatin da ke riƙe ɗumi irin na jikin mutum, don sai sun yi kwanaki a haka kafin a ga ko za su yi faɗa. Da yamma aka ɗauke wuta, ba a maido ba, akwatin ya huce, abin da ya haɗa ya lalace. Ya ruga sashen noma ya aro akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da kananzir, ya sake haɗawa da ragowar jinin. Na Lawali ya rage kaɗan. Na Safinatu, da yake ba a ɗebi da yawa ba saboda ba ta da ƙarfi, ya ƙare kakaf.

Wani abokin aikinsa ya ce wannan ai ba matsala ba ce, ga ragowar jini nan na marasa lafiya, a ɗiga kaɗan a kwalbar, wa zai bambance? Maniru ya san gaskiya abokin ya faɗa, ba mai bambancewa. Ya kuma san in ya koma da kwalba wayam, Garba na iya cewa ya karya alkawari, kuma duk askin da ya yi ya tafi a banza, ɗakin binciken ma ya tafi. Ya toshe kwalbar yadda take ya sa a aljihu.

Washegari bayan la'asar aka zauna a zauren Garba. Ga Garba, ga Mijinyawa, ga Gwaggo Kaltume daga bakin ƙofar cikin gida. Aka rufe na Lawali a gindin katanga. Sannan Maniru ya miƙa ɗaya kwalbar, ya faɗi abin da ya faru tun daga ɗauke wuta. Garba ya miƙe tsaye, ya ce dama ya sani, ɗan boko ba ya riƙe magana, yanzu jinin ɗiyarsa yana can cikin akwatin kaji.

Kaltume ta ce a miƙo mata. Ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken ƙofa, ja-ja kaɗan a gindinta.

"Can wurinku babu jinin wasu?"

"Akwai, Gwaggo."

"Da ka zuba muna shi hwa?"

"Da ba ku sani ba."

Ta sauke kwalbar. Ta juya ga ƙanenta Mijinyawa ta tambaya ko wanzami ya taɓa rufe ƙaho tare da jini. Ya ce in ƙaho ya tsage, haka ake yi. Ta ce to a tona. Aka rufe kwalbar yadda take. Ta ƙara da cewa wancan na cikin akwatin kajin ma, in ya gama aikinsa, ko ruwa ya zama a kawo shi. Bayan mako guda Maniru ya kawo, aka rufe.

Garba ya yi wata biyu bai kawo masa kai ba. Amma Kaltume ta ba da labarin a gidan suna, mata suka ɗauka. Gidaje suka fara kawo yara, ba duka ba, akwai waɗanda har yau ba su yarda ba. Da rani Mijinyawa ya ce Maniru ya goya shi a babur, suka zaga gidajen da yake yi wa aski a Dandin Mahe, daga baya wani wanzami abokin Mijinyawa ya buɗe wa Maniru Dingyaɗi. Ko'ina sharaɗin ɗaya ne, kuma ko'ina ya cika shi, ko da mai ya yi wuya sai ya tura babur da ƙafa. Kafin shekarar karatu ta ƙare ya ajiye sakamako a gaban shugaban sashe. Ba a rufe ɗakin ba.

Gwajin ya nuna jinin Lawali da na Safinatu suna jituwa. Sai dai a wancan zamani ba inda ake dasa ɓargo a ƙasar nan, Maniru kuma bai ɓoye wa Garba haka ba. Abin da ya iya shi ya yi: ya koya wa iyaye ba yara ruwa da yawa, da kare su daga sauro da sanyi, da saurin kai su asibiti in zazzaɓi ya taso. Safinatu ta rayu da ciwonta, ta yi aure bayan an gwada jinin mijin, ta haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Yanzu Maniru ya yi ritaya, yana zaune a Bodinga da iyalinsa, idonsa ya rage gani. Ɗaliban da ya koyar su ke riƙe da ɗakin binciken, suna kan aikin uwayen jinin da ke cikin ɓargo, shi kuma yana leƙa su in jiki ya yarda.