Teburin da Ya Ɗaga Ƙafafu Sama

A layin masu sana'a, can wajen da ƙarar masu gyaran babur take raguwa, akwai shago biyu da bango ɗaya ya raba: na kafinta da na mai walda. Kafintan ana kiransa Sai-na-auna, kuma laƙabin ya cinye sunan yanka har jikokinsa ba su san wani ba. Asalinsa shi ne, mutumin ba ya karɓar shaidar baki, ba ya kuma sakankancewa da ta ido. Idan magini ya rantse masa cewa bango a miƙe yake, sai ya ce, "Allah ya sa. Sai na auna."

Halin yana da mafari. Yana saurayi injin yankan katako ya ɗauke masa babban yatsa da manuni na hannun dama, bayan wani abokin aiki ya tabbatar masa an kashe wuta. Mutumin bai nufe shi da sharri ba, zato ya yi ya faɗe shi a matsayin yaƙini. Tun daga ranar Sai-na-auna ya mayar da aikinsa hannun hagu, ya kuma daina jingina da maganar kowa. Taka-tsantsan ado ne ga mai riƙe da zarto, amma idan ya daɗe a zuciya yakan rikiɗe ya zama tuhuma, mai shi bai ankara ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa aunawa ba, shi ne maƙwabcinsa Mai Walda. Tun gashinsu yana baƙi suke tare. A bangon da ya raba su akwai wata 'yar taga da suka huda da kansu, ta nan buta take wucewa, da guduma, da kwanon abincin rana, da tsokana.

"Mai ciyar da gara, ka tashi lafiya?"

"Lafiya lau, bawan tsatsa. Yau idon wa za ka kashe da tartsatsi?"

'Yar Mai Walda, wadda Sai-na-auna ya ƙera wa teburin karatu tana ƙarama, ta girma ta zama uwar 'ya'ya, ta kuma ƙware a aikin kwamfuta, duk layin Injiniya suke ce mata. Ita ƙungiyar masu sana'a ta ɗora wa buɗe shafi a yanar gizo, inda kowa zai ɗauki hoton kayansa da waya ya tura, masu saye su gani. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: duk mai ɗaukar hoto ya kwantar da wayar, kada ya tsayar da ita.

Sai-na-auna ya bi sharaɗin. Ya goge wani teburin cin abinci har yana ɗaukar ido, ya kwantar da waya, ya ɗauka, ya duba, tebur tsaye a kan ƙafafunsa. Ya tura. Da ya buɗe shafin sai ga tebur a kife, ƙafafu huɗu suna nuna sama. Ya sake da kujera, ta kife. Ya sake da kabad, ya tsaya da ka. Ya leƙa ɓangaren tela, da na mai takalma, da na Mai Walda, komai a zaune daidai. A layin kaf, kayansa kaɗai ne suke kifewa, alhali a cikin wayarsa ba su da aibi.

Da ya gaya wa Injiniya sai ta ce, "Ikon Allah! Zan duba, Baba," ta wuce da sauri ɗauko yara daga makaranta. Ya bi ta da kallo. A da gaisuwarta ta fi haka tsawo.

Ana nan sai wata mai makarantar yara ta zo neman tebura. Ta tsaya a bakin shagonsa tana dariya. "Kai ne mai teburan da suke kwana da ƙafa a sama? Na ɗauka wasa ake yi." Ta shafa katakon, ta yaba, sa'an nan ta shiga shagon da ke kusa. Da la'asar yana kallo aka loda teburan ƙarfe a mota.

Daga nan zuciyarsa ta shiga tattara hujjoji, ita ce mai ƙara, ita ce alƙali. Wa yake sayar da abin da ke gogayya da katako? Mai Walda. 'Yar wa take riƙe da shafin? Ya tuna dariyar da maƙwabcin ya yi ranar da ya ga hoton, sai ya ga ta yi tsawo. Ya tuna wata rana da ya shigo, uban da 'yar suka katse hirarsu. Da kwanon rana ya leƙo ta taga, sai ya ce cikinsa ba daɗi. Kashegari ma haka.

"Malam," in ji matarsa, "cikin naka a shago kawai yake ciwo? A gida ban ga ka rage komai ba."

"Akwai abin da nake dubawa."

"Mutumin da ya riƙe maka shago da iyali lokacin da kake kwance a asibiti kake dubawa? Ka ji tsoron Allah."

"Ban ce ya yi ba. Ban kuma ce bai yi ba."

Ya ƙudurta cewa a taron ƙungiya mai zuwa zai miƙe ya faɗi abin da ke ransa a gaban kowa, ya janye kayansa daga shafin, ya toshe tagar. Har ya auna ta, ya yanka katako daidai bakinta, ya jingine a bayan benci. Sai dai ɗabi'arsa ta hana shi yanke hukunci kafin gwaji. Ya ce a ransa: idan sunana aka yi wa alama, to hoton da ya fita da sunan wani zai tsaya daidai.

Ya leƙa ta taga. "Ara mini wayarka."

Mai Walda ya miƙo ba tare da tambaya ba, ya tafi alwala. Sai-na-auna ya zagaya, ya ɗauki hoton wani gadon ƙarfe da maƙwabcin ya gama fentinsa, ya tura da sunan mai gadon. Ya buɗe shafin.

Gado ya kife.

Bai gama fahimtar abin da ya gani ba sai ga Mai Walda a kansa, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Ya karɓi wayar, ya duba, fuskarsa ta canja.

"Ashe kai ne! Ka ƙi cin abincina, ka daina amsa wasa, yanzu kuma ka kife mini gado a idon duniya? Don an sayi tebur a wurina? Hassada da furfura, Sai-na-auna?"

"Wallahi ban juya komai ba! Yadda na ɗauka haka na tura."

"Wa zai yarda? Wayata ba ta taɓa kife ko cokali ba sai da ta shiga hannunka."

Kafinta ya sake duban hoton. Gaskiya yake faɗa, ba shi da shaida, kuma dukkan alamu suna kansa. Tela da mai takalma suka fito, aka kira Injiniya a waya.

Ta zo, ta saurari kowa, sa'an nan aka koma shagon kafinta, ta ce masa, "Baba, ɗauki hoton kujerar nan ina kallo."

Ya kwantar da wayar yadda ya saba, ya juya ta domin maɓallin ɗaukar hoto ya faɗo ƙarƙashin babban yatsansa na hagu. Injiniya ta dafe kai.

"Shi ke nan. Kowa yana kwantar da ita maɓalli a dama, kai naka a hagu. Idon wayar a kife yake ɗauka, sai ta liƙa wa hoton wata 'yar alama da ido ba ya gani, mai cewa nan ne sama. Wayarka tana karanta alamar, shi ya sa kake ganinsa daidai. Na'urar da ke ajiye shafin kuwa, idan ta zo rage girman hoto, sai ta yar da alamar ba ta karanta ba."

"Ke kika sa ta yar?" in ji shi, yana ƙanƙance ido.

"Ban sa ta ba, amma ban hana ta ba. Na ga hotunan tsaye suna zuwa a kwance, maimakon in gyara tushen sai na ce kowa ya kwantar da waya. Na manta da hannunka, Baba. Ka yafe mini."

Nan ta zauna a kan bencinsa ta buɗe kwamfutarta. Ta umarci na'urar ta fara karanta alamar, ta juya hoton kansa ya zauna daidai, sa'an nan ta rage shi. Tsofaffin hotunan da alamarsu ta riga ta ɓace kuwa, da hannu ta bi su tana miƙarwa.

"An gama."

"Allah ya sa. Sai na auna." Ya ɗauki hoton kujerar da waya a tsaye, da kwance ta dama, da ta hagu, da waya a kife. Duka suka fito ƙafafu a ƙasa. Tela ya yi kabbara, aka watse ana dariya.

Mai Walda bai tafi ba. Idonsa ya sauka a kan katakon da ke bayan benci. Ya ɗauka, ya kai bakin taga, ya shige cif, ko tsinke ba zai ratsa ba.

"Wannan fa?"

Sai-na-auna yana iya cewa murfin akwati ne. Bai ce ba. "Na yanka ne in toshe ta. Na zaci ku ne."

"Ni na tuhume ka da fushi, a gabanka, cikin minti ɗaya," in ji Mai Walda a hankali. "Kai kuwa zama ka yi ka auna." Ya fita da katakon a hammata.

Ranar ba a yi sallama ba. Kashegari babu "mai ciyar da gara". Kafinta ya je ya nemi gafara a bakin shago, aka amsa masa da "Allah ya yafe mana" ba a ɗaga gilashin walda ba. Azahar ta yi ta wucewa, tagar a buɗe, babu abin da yake ratsa ta sai ƙaurin ƙarfe.

Wata safiya kafinta ya buɗe shago, sai ga maƙwabcin ya biyo shi da ƙarafa biyu masu lanƙwasa. Mai Walda ya kafa su a ƙarƙashin tagar, ya ɗora katakon nan a kai, ya zama kanta. Da rana kwano ya fito ya zauna a kanta.

"To, mai ciyar da gara, auna."

Sai-na-auna ya duba. Ko ba ma'auni ya ga kantar ta ɗan karkata hagu, kuma ya san hannun da ya kafa ta ba ya kuskuren irin wannan. Zuciyarsa ta raya masa cewa da gangan ne, ana so a ga abin da zai yi. Hannunsa ya kai aljihu inda ma'aunin yake, ya tsaya a can. Sa'an nan ya fito da shi wayam, ya jawo kujera, ya ce, "Bismillah."