Malam Haladu da Reshen Gidan Surukinsa

Ina kasuwar Ikara ina neman sarƙar inji wayata ta yi ƙara. Ƙanina ne, ya ce Malam Haladu Mai Inji ya rasu a hanyar asibiti. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da ya ce injin zarto ne ya sare shi, wallahi cewa na yi ya sake tambaya, domin a duk masu yankan katako na ƙasar Makarfi babu wanda ya kai shi taka-tsantsan.

Shekara da shekaru muna aiki tare, daga Dandamisa har Gubuci. Ban taɓa ganin ya ja igiyar inji ba sai ya sa hular kwano, tabarau, safar hannu, takalman but da wandon nan nasa mai kauri. Ko ana zafin bazara haka yake shiga. 'Yan kallo su yi ta tsokanarsa wai sojan itace ya iso, shi kuwa ya yi murmushi ya ce, "Gara gumi da jini." Idan ɗayanmu ya zo aiki da silifa, sai Haladu ya zauna a kan injin ya ƙi tashi. Yakan ce, "Wannan abin bai san ubangidansa ba."

Ranar Juma'ar nan iska ta karya reshen darbejiya, ya tokare ƙofar gidan surukinsa. Injin yana zauren gidan tun aikin da ya yi musu ranar Alhamis, kayan kariya kuwa da su ya tafi gida a jikinsa. Ya biyo daga masallaci don ya gaishe su, sanye da kaftani. Tsohon ya ce ai reshe ɗaya ne, ya taimaka. Haladu mutum ne da ko sunan surukin nan ba ya faɗa, ina zai iya buɗe baki ya ce a jira shi ya je gida? Ya naɗe hannun riga ya ja igiya. Bakin injin ya daki gaɓar reshen ya dawo, ya same shi a cinya, daidai inda wandon nan yake rufewa.

Kunya ce ta hana shi, kuma abin yana ci mini rai. Tsohon tun ranar bai iya haɗa ido da 'yarsa ba.

Da muka je gaisuwa, Ladidi matar Haladu ta aiko mini da kayan kariyar a buhu, har da hular, ta ce kada a sayar da injin sai ga wanda zai sa su.

Allah Ya ji ƙan Malam Haladu, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya raya marayun da ya bari, Ya ba Ladidi haƙuri. Tsohon nan ma, Allah Ya sanyaya masa zuciya, domin kullum sai ya bi ta ƙofar nan.