Daminar da Inna ta hana ni taɓa hauya

Ranar da aka kira sunana a filin kolej ta Magarya cewa na ci birebe, wato jarrabawar fita, takalmina ɗaya har yau ban san inda ya faɗa ba. Tsalle nake ina ihu, "Sa ye! Sa ye! Ta samu!" Na rungumi mai gadin lakwal, wato makarantarmu, na rungumi wani yaro da ban sani ba, ashe shi faɗuwa ya yi, ya hankaɗe ni. Lise dai, makarantar gaba, an ce ba ni da ita, shekaruna sun haura. Ko a jikina. Ni aiki nake so, kuma aikin yana can yana jirana. Kawuna, ƙanen Inna, ɗan dako ne a luzin, gidan matse man gyaɗa na Magarya, kuma ya daɗe yana cewa in na gama kujerar komi, wato akawu, tawa ce, in zauna a inuwa ina rubuta buhunan da suka shigo.

Na isa ƙauyenmu da ke gefen Kwaya damina ta zauna, ana noman farko. Ni ne na fari a garin da ya kai nan a boko. Inna ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe. Washegari na saɓi hauya zan bi Baba gona kamar kowane hutu, sai na ji an fizge ta ta baya.

"Ajiye! Hannun komi ne zai kama wannan?"

"Haba Inna, ai bara ma na yi."

"Bara ɗan lakwal ne kai. Bana ma'aikaci."

Na dubi Baba. Ya gyara malafarsa ya ce, "Ka dai ji uwarka," ya wuce.

Shi ke nan fa. Ba gona, ba rijiya, ba ɗaure jaki. Ɓarar gyaɗa ma, da duk unguwa aka san babban yatsana ya fi na kowa sauri, ta hana. Kullum sai in sa farar riga in zauna gindin bedi ina raba karta ni kaɗai, in ci kaina, in sake rabawa. Da farko daɗi na ji, wallahi. Daga baya na rasa gane ko girma aka ba ni ko tsare ni aka yi.

Akwai taubashina, ɗan gwaggona, wanda ya gudu daga lakwal tun aji biyu. Duk rani Kano yake tafiya yana kwaɓa siminti, ya dawo da rediyo da wando mai ƙafar giwa. In ya taso daga gona sai ya tsaya kaina, ƙafa duk taɓo.

"Ranka ya daɗe, komi! Yau buhu nawa aka rubuta?"

"Tafi can, jahili. Sunanka ma ba ka iya rubutawa."

"Naira ba ta tambaye ni ba."

Tsakiyar damina Kawu ya kai ni wurin babban komi na luzin. Mutumin ya duba takardata ya ce, "Tire biyan, ta yi kyau. Ka jira kaka, in an buɗe sikeli." Na dawo na gaya wa Inna. Kafin la'asar duk mata sun ji: "An ce ya jira." Yadda take faɗinta sai ka ɗauka wani muƙami ne. Aka fara kawo min fura, wai in na shiga in tuna da 'ya'yansu.

To a wannan shekarar ce, bayan farin nan da ya ci shanu, cutar da ake kira kuturta ta faɗa wa gyaɗa. Ganye ya ƙanƙance ya yi ruwan ɗorawa. Baba ya tumɓuko guda ya kawo gida ya ajiye a tsakar gida, saiwa ce zalla. Inna ta ce tamu ce kawai ta lalace, luzin ai na gwamnati da Turawa ne, ba su rasa gyaɗa.

Da kaka ta yi na wanke rigata na koma Magarya. Tun daga nesa na ji wani abu ya ɓace, sai can na gane ƙamshin tunkuza ne babu. Ba hayaƙi, ba kamyon ɗaukar kaya. Filin da ake jera dalar buhuna awaki ne kwance. A bakin ƙofa maza sun yi layi a inuwar bango, Kawu a cikinsu. Ashe an sallame su tuni. Kullum da safe sai ya fito gida kamar mai zuwa aiki, ya zo nan ya zauna.

Na ce, "Me ya faru?"

Kai, da ban tambaya ba. Wani ya ce fari ne. Wani ya ce kuturta. Wani ya ce 'yar wadda ta tsira ma Najeriya take tsallakawa, don naira ta fi ƙarfi. Wani direba ya ce duk ba haka ba ne, Larabawa ne suka tsadar da man mota, kai buhu bakin teku ya zama asara. Babban komi ya fito da kekensa, shi ma ba fara'a, ya ce Turawa sun samu wani mai, na wani fure da na wani wake da ake nomawa a Amirka, ba su matsu da namu ba.

Na tsaya kaina yana juyi. A lakwal mun zana taswira, mun ja kibiya daga ƙasarmu zuwa Faransa, mun rubuta gyaɗa a kanta, har na samu maki mai kyau. An koya mana in abu ya yi ƙaranci tsada yake. To ga ta ta yi ƙaranci, kuma an ce ba a so. In ba a so, me ya sa ake tsallakawa da ita? Kuma ina ruwan fure da aikina? Na ce da babban komi, "To yaushe zan dawo?" Ya ce, "In ka ji, ni ma ka gaya min," ya hau kekensa.

Kawu ya ja ni gefe. "Kai za ka faɗa mata."

"Kawu, yayarka ce fa."

"Shi ya sa."

Ƙarshe tare muka tafi. Muka tarar da Inna tana sheƙar gero, Baba yana gyaran rumbu, taubashina yana miƙa masa kara. Kawu ya durƙusa ya yi ta kewaye-kewaye, fari, kuturta, Larabawa, fure. Inna ta ajiye ƙwarya.

"Su Turawan, wa ya je ya same su? An gaya musu yaron nan ya ci jarrabawa?"

"Yaya, ba wurin da ake zuwa a same su."

"To wa ya rufe?"

Kawu ya dube ni, wai ni mai ilimi.

Baba ne ya yi magana daga kan rumbu, ko juyowa bai yi ba. "Bana baki ya fi hatsi yawa. Duk namijin da ya zauna rani a gidan nan, rabon yara zai ci."

Inna ta sake ɗaukar ƙwaryarta. Sannan ta ce da taubashina, "Kai, can Kanon, akwai mutanen garin nan?"

"Inna, rabin garin nan ma a can yake kwana."

Ta ja tsaki. "To su gan shi yana aikin ƙarfi. Ku tafi da shi." Ta nuna Kawu da baki. "Har da wannan."

Ranar kasuwa muka hau kamyo, mu uku a saman buhunan wake. Ban san ko murna nake ko kunya ba. Na tambayi taubashina wane aiki zan yi a can. Ya ce wanda aka samu. Ya ciro tsumma daga jakarsa ya ce in naɗa gammo ya gani. Na naɗa, ya warware. Na sake.

"Ba haka ba, komi. Kawo kanka nan."